Miƙa Ragamar Inji Daga Mazauni Zuwa Mazauni a Jiragen Ruwa Masu Aiki da Iska

1.0 Gabatarwa

Fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan da ƙasashen duniya ke cinikinsu a tsakaninsu ta kan teku ake ɗaukarsu. Atamfofin da ke Kantin Kwari, da takin zamani, da kayan gyaran mota, da yawansu sai da suka yi makonni cikin jirgin ruwa kafin a sauke su a Apapa ko Kwatano ko Lome, sa'an nan manyan motoci su hauro da su. Saboda haka, ko da yake ƙasar Hausa tana nesa da teku, lafiyar waɗannan jirage ta shafi kasuwarta.

Babban jirgin ruwa ba shi da birki irin na mota. In ana son a tsai da shi da gaggawa, dabarar ita ce a juya farfelarsa ta riƙa tura ruwa gaba maimakon baya. Ko an yi haka ma ba nan take yake tsayawa ba. Ma'aunin da Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, watau IMO, ta amince da shi a shekarar 2002 ya yarda jirgi ya ci tafiyar da ta kai ninki 15 na tsawonsa kafin ya tsaya cik, bayan an umurci injinsa ya koma baya da dukkan ƙarfinsa. Ke nan jirgi mai tsawon mita 300 yana iya shafe kilomita 4 da rabi yana neman tsayawa. Wanda ya san haka ya san cewa daƙiƙa goma da aka yi ba a san wanda ke riƙe da inji ba, a bakin tashar jirage ko a mashigi mai cunkoso, ta isa ta jawo asarar rayuka da dukiya.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake miƙa ikon sarrafa inji daga wani wuri zuwa wani a jiragen da ke isar da umurni ta hanyar matsattsiyar iska. Za a riƙa kiran wannan iko "ragama", kamar yadda ake cewa an miƙa ragamar mulki. Kowane wurin da aka tanada domin sarrafa inji kuwa za a kira shi "mazauni". Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, lokacin miƙawa shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, kuma duk bawul-bawul da dokoki da al'adun aiki da aka tanada manufarsu guda ce: ragama ta kasance a hannu ɗaya, kowa ya san hannun, kuma kada gudun jirgi ya sake a sanadin miƙawar.

2.0 Daga tangarahu zuwa liba

A zamanin jiragen tururi kyaftin ba ya taɓa inji da hannunsa. Shi yana can sama a ɗakin tuƙi, injiniyoyi suna can ƙasa a ɗakin inji, tsakaninsu benaye da yawa. Abin da ke haɗa su wata na'ura ce da ake kira tangarahun inji, wadda kamfanin Chadburn na Libaful ya yi suna wajen ƙera ta tun cikin ƙarni na 19. Fuskarta kamar ta agogo take, sai dai maimakon lambobi umurni aka rubuta: tsaya, gaba sannu, gaba rabi, gaba da ƙarfi, da makamantansu na baya. In hafsan da ke ɗakin tuƙi ya juya hannun tangarahu, sai ƙararrawa ta kaɗa a ɗakin inji, kibiya ta nuna abin da ake so. Injiniya ya juya nasa hannun zuwa daidai wurin domin ya nuna ya ji, sa'an nan ya aikata. A wannan tsari babu maganar miƙa ragama, domin kullum tana hannun injiniya. Umurni kawai ɗakin tuƙi ke bayarwa.

Zuwan injin dizal bai sake wannan tsari nan da nan ba. Jirgin Selandia, wanda kamfanin Burmeister & Wain ya ƙera a Kofanhagan a shekarar 1912, yana cikin manyan jiragen teku na farko masu injin dizal, amma shekaru da dama bayansa tangarahu ne ke ci. Sai a shekarar 1961 kamfanin Mitsui na Japan ya kammala jirgin Kinkasan Maru, wanda ya yi suna da cewa ana iya sarrafa babban injinsa kai tsaye daga ɗakin tuƙi, kuma an tara ma'aunansa wuri ɗaya a wani keɓaɓɓen ɗaki. Daga nan abin ya bazu, har aka kai ga jiragen da ake iya barin ɗakin injinsu ba kowa da dare. Da mazaunai suka yawaita sai wata sabuwar tambaya ta taso, wadda mutanen zamanin tangarahu ba su san ta ba: a wannan daƙiƙa, wa ke riƙe da inji?

Dalilan da suka sa aka zaɓi iska domin isar da umurni a bayyane suke. Da ma tana cikin jirgi, tun da da ita ake tayar da manyan injunan dizal. Ba ta tartsatsi, balle ta tayar da gobara a jirgin dakon mai. In bututu ya fashe iska ce za ta fita, ba mai ba. Daɗin daɗawa, fasahar ba baƙuwa ba ce. Tun a shekarar 1869 George Westinghouse na Amurka ya yi rajistar birkin iska na jirgin ƙasa, kuma duk wanda ya ga direban tirela yana jira iska ta taru kafin ya ja mota ya ga ɗan'uwan wannan tsari.

3.0 Mazaunai da dalilin yawansu

Mazauni na farko shi ne tsakiyar ɗakin tuƙi, inda hafsa ke ganin gaban jirgi da na'urorin tuƙi. Na biyu su ne fikafikan ɗakin tuƙi, watau barandun nan biyu da suka miƙa dama da hagu har bakin jirgi. Daga tsakiya ba a ganin gefen jirgi, saboda haka in za a jingina shi da gaɓar tasha kyaftin yakan koma fiffike domin ya ga tazarar da ta rage. Na uku shi ne ɗakin kula da inji, inda injiniyan da ke bakin aiki ke zaune gaban ma'aunai. Na huɗu kuwa shi ne gindin inji, watau wurin da aka tanada a jikin injin kansa domin a sarrafa shi da hannu in duk sauran sun ƙi aiki. Ƙananan jirage, kamar masu jan manyan jirage cikin tasha, sau da yawa suna da wani mazaunin a baya domin matuƙi ya ga igiyar ja.

Abin da ragama ta ƙunsa ya danganta da irin injin. A manyan jiragen dakon kaya injin yana haɗe da farfela kai tsaye, ba kuloci ba giya, kuma mafi girmansu juyinsu a minti ɗaya yana tsakanin 60 da 120 ne. In ana son baya dole a kashe injin, a sake tayar da shi da iska yana juyawa ta ɗaya gefen. A matsakaitan jirage akwai akwatin giya da kuloci na gaba da na baya, injin kuwa yana ta juyawa gefe guda. Akwai kuma nau'i na uku wanda fikafikan farfelarsa ne ake karkatawa, ta yadda za ta tura jirgi gaba ko baya ba tare da an sake juyin inji ba. A kowane nau'i, mai riƙe da ragama abu biyu yake mallaka: gefen da za a tura jirgi, da ƙarfin turawar.

4.0 Yadda iska ke isar da umurni

Ana auna matsin iska da ma'aunin da ake kira "bar". Bar ɗaya ya yi kusan daidai da nauyin iskar da ke kanmu a bakin teku, tayar ƙaramar mota kuwa takan ɗauki bar 2 ko fiye da haka kaɗan. Injunan matsa iska na jirgi suna cika manyan tankuna har bar 30, kuma da wannan ake tayar da babban inji. Ƙa'idar hukumomin da ke tantance lafiyar jirage ita ce, tankunan injin da ke juyawa gaba da baya su isa a tayar da shi sau 12 a jere ba tare da an ƙara musu iska ba, na injin da ba ya komawa baya kuwa sau 6. Daga waɗannan tankuna ake ɗibar wani kaso, a rage matsinsa zuwa wajen bar 7, a tace shi, a busar da shi. Wannan ita ce iskar umurni.

A kowane mazauni akwai liba, watau sandar da ake turawa gaba ko a jawo baya. A ƙarƙashinta akwai bawul iri biyu. Iri na farko buɗewa da rufewa kawai yake yi: ya saki iska cikin bututun "gaba", ko na "baya", ko na "tsaya". Iri na biyu mai awo ne. In aka tura liba sai ta danne wani sifirin, shi kuma ya danne wata 'yar fatar roba, bawul ya buɗe har matsin iskar da ke fita ya yi daidai da ƙarfin sifirin, sa'an nan ya rufe. Ke nan kowane matsayi na liba yana da nasa matsin. Wannan matsi shi ke tafiya ta siririn bututu har zuwa na'urar daidaita gudu, wadda injiniyoyi ke kira gwamna, ita kuma ta ƙara wa inji mai ko ta rage. A taƙaice, matsin iska shi ne harshen da liba ke magana da inji.

A kan hanyar akwai masu gadi. Akwai bawul da ke hana a tayar da inji muddin ƙaramin injin da ake juya shi da shi lokacin gyara yana maƙale. Akwai wanda ke hana mai shiga in injin yana juyawa saɓanin umurni. Akwai kuma na jinkiri, wanda ya ƙunshi ƙaramar kafa da ɗan tanki: sai tankin ya cika umurni ke wucewa. Da shi ake tabbatar da cewa kuloci ya kama sosai kafin a ƙara wuta, kuma farfela ta lafa kafin a juya ta baya. Mai kallo zai ce na'urar nawa take yi, alhali kuwa da gangan aka yi ta haka domin kada giya ta karye.

5.0 Abin da ke faruwa a lokacin miƙawa

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen zaɓen mazaunin da zai yi magana. A hanya ta farko, bawul ɗin miƙa ragama yana ba mazauni ɗaya iska, ya yanke wa sauran, ya kuma zubar da wadda ta rage cikin bututunsu. Libar da ba ta da iska ta zama sanda kawai, ko an tura ta ba abin da zai faru. A hanya ta biyu duk mazaunai suna da iska, amma wani bawul yana zaɓen bututun da za a haɗa da inji. A inda bututun mazaunai biyu suka haɗu sau da yawa akan sa wani ɗan bawul mai ƙofa biyu ta shiga da ɗaya ta fita, da 'yar ƙwallo a tsakiya. Ƙofar da iskarta ta fi ƙarfi ita ke tura ƙwallon ta toshe ɗayar, ta wuce. Wannan bawul ba ya tambayar wa ke da iko, mai ƙarfi kawai yake bi.

Daga wannan gini ne haɗurra uku ke fitowa. Na farko shi ne rashin daidaiton liba. A galibin tsare-tsaren iska, in an motsa liba a wani mazauni ta ɗayan ba ta bin ta. Tana nan inda aka bar ta jiya ko makon jiya. Alal misali, a ɗauka jirgi yana tafiya da cikakken gudu, ragama tana ɗakin tuƙi, libar ɗakin kula da inji kuwa tana kan "tsaya". In aka juya bawul ɗin miƙawa haka nan, inji zai ji sabon umurni ya mutu, jirgi ya rasa ƙarfin da linzaminsa ke aiki da shi, domin linzami ba ya cin ruwa sosai sai farfela tana tura ruwa a kansa. A juya misalin: jirgi mai kuloci yana ɗaure a gaɓa, inji yana aiki, fasinjoji suna sauka, libar fiffike kuwa an bar ta kan "gaba". Ana miƙa ragama can sai kuloci ya kama, jirgi ya zabura, igiyoyi su tsinke.

Na biyu shi ne jinkirin iska. Iska tana matsuwa, ba kamar ruwa ko sandar ƙarfe ba. Kafin bututu mai tsawon mita da yawa ya cika, ko ya zubar da abin da ke cikinsa, sai an ɗauki wani ɗan lokaci. A wannan tsakani tsohon umurni bai gama fita ba, sabon bai gama shiga ba. Wanda bai san haka ba yana karɓar ragama zai tura liba, ya ga shiru, ya ɗauka miƙawar ba ta yi ba, ya ƙara turawa ko ya ruga ya mai da ragama inda ta fito. Kafin ya ankara umurni biyu ko uku sun bi juna cikin bututu, kowanne yana jiran a aikata shi.

Na uku shi ne ragama a hannu biyu. In bawul ɗin miƙawa ya maƙale a tsakiya, ko robarsa ta tsufa tana yoyo, mazaunai biyu suna iya samun iska lokaci guda. Nan fa halin bawul mai ƙwallo ke bayyana: umurnin da ya fi matsi shi ne inji zai ji. Kyaftin yana iya jawo libarsa zuwa "tsaya", amma libar da aka manta da ita kan "gaba rabi" a wani mazauni ta ci gaba da tuƙa jirgin. Hausawa sun ce ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma a cikin bututun iska maganar gaskiya ce ƙwarai. Abin da ya fi jawo irin wannan maƙalewa shi ne ruwa da mai da tsatsa da ke bin iska. Shi ya sa zubar da ruwan tankuna da duba na'urar busar da iska suke cikin aikin injiniya na kullum. A ƙasashen sanyi kuwa ɗigon ruwa yana iya daskarewa cikin bututun fiffike, wanda ke waje, ya toshe shi.

6.0 Abin da doka ta tanada

Babbar yarjejeniyar kare rayuka a teku, wadda aka sani da SOLAS, ta samo asali ne daga nutsewar jirgin Titanic a shekarar 1912. An ƙulla ta farko a 1914, wadda ake aiki da ita yanzu kuwa an amince da ita a 1974, ta fara aiki a 1980, kuma hukumar IMO mai hedkwata a Landan ke yi mata gyare-gyare. Babi na II-1 na yarjejeniyar, musamman doka ta 31 da ta 49, ya yi magana kan sarrafa inji daga nesa, kuma duk wanda ya fahimci haɗurran nan uku zai ga cewa su ake tarewa.

Dokar ta wajabta cewa daga wuri ɗaya tak za a iya sarrafa inji a lokaci guda, ko da yake an yarda a haɗa mazaunan da ke wuri ɗaya, kamar tsakiyar ɗakin tuƙi da fikafikansa. Ta wajabta a sa alama a kowane wuri mai nuna inda ragama take. Ta wajabta a tanadi hanyar da za ta hana ƙarfin turawa ya sake ƙwarai a lokacin miƙawa. Ta kuma ce miƙawa tsakanin ɗakin tuƙi da ɓangaren inji daga ɓangaren inji kaɗai za a iya yin ta. Hikimar wannan ita ce, injiniya shi ke ganin lafiyar inji. In ya karɓi ragama domin wani lahani, ko domin mutane suna aiki a jikin injin, bai kamata wani da ke can sama, wanda ba ya ganinsu, ya iya fizge ta ba.

Har ila yau dokar ta ce dole a iya sarrafa inji daga gindinsa ko da kowane sashe na tsarin nesa ya lalace. In tsarin ya lalace ƙararrawa za ta kaɗa, kuma gwargwadon yadda zai yiwu inji ya ci gaba da gudu da gefen da yake kai har a karɓi ragama a gindinsa. Dole ɗakin tuƙi ya sami maɓallin kashe inji na gaggawa wanda ba ya bi ta tsarin da aka saba, da ma'aunin juyin farfela da gefen da take juyawa, da kuma ƙararrawar da ke faɗakarwa in iskar tayar da inji ta yi ƙasa, tun da sauran wadda za a iya tayar da shi da ita. Tangarahu ma ba a yar da shi ba. Doka ta 37 ta ce a sami hanyoyi biyu masu zaman kansu na isar da umurni daga ɗakin tuƙi zuwa ɓangaren inji, ɗayansu tangarahu.

7.0 Matakan miƙa ragama

Kowane jirgi yana da littafin aikinsa, kuma shi ake bi, amma jigon matakan ɗaya ne. A ɗauki misalin karɓar ragama daga ɗakin tuƙi zuwa ɗakin kula da inji. Da farko sai a yi magana ta waya, a faɗi dalili, a yarda da lokaci. Hafsan ɗakin tuƙi shi ya san ko gaban jirgi a buɗe yake, saboda haka in ba gaggawa ba ce ba a miƙawa a tsakiyar kwana ko ana gab da giftawa da wani jirgi. Na biyu, injiniya ya daidaita libarsa da umurnin da ke aiki, gefe da gudu. Jirage da yawa suna da agogon awo mai kibiya biyu, ɗaya tana nuna matsin mazaunin da ke riƙe da ragama, ɗaya na mai shirin karɓa, kuma sai kibiyoyin sun hau juna ake ci gaba. Wasu tsare-tsaren ma ba sa yarda miƙawa ta yiwu sai an daidaita, ko sai libobin biyu suna kan "tsaya".

Na uku, injiniya ya juya bawul ko maɓallin miƙawa har ƙarshe, ba ya barinsa a tsakiya. Ƙararrawa ta kaɗa a wuraren biyu, fitila ta riƙa ƙiftawa har ɗaya ɓangaren ya danna alamar ya ji. Na huɗu, a ɗan dakata iska ta zauna, a dubi fitila da ma'aunin juyin inji. Na biyar, wanda shi aka fi yawan tsallakewa, mai karɓa ya gwada: ya ɗan motsa liba ya ga inji ya amsa. Fitila tana nuna abin da maɓalli ya ce ne kawai, gwaji kuwa shi ke nuna abin da inji ya ji. Daga ƙarshe a faɗa da baki cewa ragama ta koma wuri kaza, a rubuta lokacin cikin littafi. Daga nan ɗakin tuƙi ya koma ba da umurni ta tangarahu kamar zamanin da.

Komawa gindin inji ya fi wannan wuya. A manyan injuna da yawa sai an rage gudu, a juya bawul daga "nesa" zuwa "gindi", a raba sandar mai da gwamna, a haɗa ta da wata kambun hannu da injiniya zai riƙa murzawa. Yanzu mutum ne ya zama gwamna: idonsa kan ma'aunin juyi, kunnensa kan tangarahu, hannunsa kan mai, ga zafi ga ƙara. Aikin da ba a saba ba ba a koyonsa ranar da ake buƙatarsa, saboda haka akan yi atisayensa lokaci lokaci a sararin teku. Haka kuma kafin shiga tasha ko fita akan gwada inji gaba da baya. Dokar Amurka, alal misali, ta wajabta wa manyan jirage yin wannan gwaji cikin awa 12 kafin su shiga ruwanta ko su tashi daga tasharta.

8.0 Darasi daga haɗurra biyu

Haɗurra biyu da hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta yi nazarinsu sun nuna nauyin wannan al'amari. Duka biyun a jirage masu tsarin lantarki suka auku, amma cutar irin wadda aka bayyana ce a sama.

Ranar 9 ga Janairu, 2013, jirgin fasinja mai suna Seastreak Wall Street ya daki gaɓar tasha a birnin Niyok yana gudun kusan kilomita 22 a awa, mutum 80 suka ji rauni. Binciken ya gano cewa tun a hanya kyaftin ya mai da tsarin sarrafa farfela kan tsarin ko-ta-kwana, bai komar da shi ba. Da ya zo dab da tasha ya miƙa ragama zuwa fiffiken dama kamar yadda ya saba, sai libobi suka ƙi yin abin da yake tsammani, lokacin gyara kuwa ya ƙure. Da an miƙa tun da sauran tazara, aka kuma gwada, da an ga matsalar.

Ranar 21 ga Agusta, 2017, jirgin yaƙin Amurka John S. McCain ya yi karo da jirgin dakon mai Alnic MC kusa da mashigin Singafo, sojojin ruwa 10 suka mutu. Kwamandan jirgin ya umurci a raba aiki, a mai da ragamar inji wani mazauni domin matuƙi ya ji da linzami kaɗai. Garin yin haka ragamar linzami ma ta bi ta koma can ba wanda ya lura, matuƙi ya ce linzami ya mutu. Da aka ce a rage gudu sai farfelar hagu kaɗai ta rage, domin haɗin da ke tsakanin farfelun biyu ya rabu, jirgin ya karkata hagu ya shiga gaban jirgin dakon. Linzami lafiyarsa lau, inji lafiyarsa lau. Abin da ya ɓace shi ne sanin hannun da ke riƙe da su. A shekarar 2019 rundunar ruwan Amurka ta ba da sanarwar za ta mai da libobin hannu a irin waɗannan jirage a madadin allon taɓawa.

9.0 Kammalawa

Tun daga shekarar 2001, lokacin da injin Sulzer RT-flex na farko ya fara aiki a teku, manyan injuna masu sarrafa mai da kwamfuta suka yi ta yawaita, kuma a sababbin jirage waya ce ke kawo umurni daga ɗakin tuƙi. Duk da haka iska ba ta bar ɗakin inji ba. Da ita ake tayar da waɗannan injuna har yau, kuma akwai jirage masu yawa a teku da koguna da bawul ɗin iska ke kama kulocinsu da juya injinsu.

An ga cewa a tsarin iska haɗari yana fitowa ta kafa uku: libar da ba a daidaita ba, da jinkirin cikar bututu, da mazaunai biyu masu iska lokaci guda. An ga kuma doka da gini sun tare kowace kafa gwargwadon iyawarsu. Amma bawul ba ya sanin ko mutumin da ke gaban liba ya san ragama tana hannunsa. Wannan sashe na aikin an bar wa mutane ne: a yi magana kafin a miƙa, a daidaita kafin a juya, a gwada bayan an karɓa, kuma a yi duk wannan tun jirgi yana da sararin da zai gyara kuskure.